Ratar Da Ke Tsakanin Maza Da Mata A Karatun Jami'a



Sau da yawa akan ce wai kan mace ba ya ɗaukar karatu mai zurfi, musamman lissafi. Tarihi ya ƙaryata wannan zance. A shekarar 1890 wata ɗaliba, Philippa Fawcett, ta fi dukan maza maki a jarrabawar lissafi ta Jami'ar Kambirij a Ingila, amma aka hana ta digiri, domin jami'ar ba ta soma ba mata cikakken digiri ba sai 1948. Da aka buɗe ƙofa kuwa, labari ya sake. A Amurka, tun farkon shekarun 1980 mata suka fi maza yawa cikin masu samun digirin farko, har damuwar masana a can ta koma kan samari. A ƙasarmu ma, Grace Alele-Williams, malamar lissafi, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a, wato ta Benin, a 1985.

To, in ba basira ce ta gaza ba, me ke mayar da 'ya'yanmu mata baya a Arewa? Ku dubi ɗaliba mai goyo. Ta taso daga lacca sai ta nufi murhu da wanki da reno, alhali ɗan ajinsu yana laburare. Gobe kuma takarda ɗaya za a ba su, a auna su da mudu ɗaya. Ga kuma jinkiri: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas. Namiji yakan jira ya koma aji, amma mace, matsin aure ba ya jiran kalandar jami'a.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'o'i su tanadi wuraren renon yara, su ba mai jego hutu ba tare da ta yi asarar shekara ba, su kuma hukunta duk malamin da ya nemi ɗaliba da lalata a bakin maki. Iyaye da mazaje kuwa, wanda ke son likita mace ta duba iyalinsa, wajibi ne ya bar tasa 'yar ta kammala karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah ya yi mana jagora.