Zakaran Gwajin Dafi



Bari mu leƙa Amurka tukuna kafin mu dawo gida. A jihar Maryland akwai wani barikin soja mai suna Edgewood. Daga 1948 zuwa 1975 an gwada sinadarai sama da 250 a jikin sojoji kusan 7,000 a wurin. Cikinsu har da wiwin da ba a gona aka noma ba, na haɗi, wanda suka yi wa lamba EA-2233. Abin da manyan soja ke nema shi ne makamin da zai kwantar da abokan gaba ba tare da an zubar da jini ba.

Ku ƙaddara ga saurayi ɗan shekara ashirin. An yi masa romon baka da hutu da ɗan alawus, ya sa hannu a takarda, bai ma san sunan abin da za a ɗura masa ba. Bayan ya sha sai jininsa ya yi ƙasa, da ya miƙe tsaye sai jiri ya kwashe shi. Wasu sai sun kwana biyu ko uku kafin jiki ya sake su. Wai fa 'yan sa-kai ne! Ku da kuke ganin sojoji a dajin Falgore, yaushe kurtu ya taɓa ce wa hafsa a'a? Sai da majalisar dokokin ƙasar ta tono zancen a 1975 aka dakatar, a 2009 kuma tsofaffin sojojin suka garzaya kotu.

Mu Kanawa mun san zafin irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a asibitin IDH, 11 daga cikinsu suka rasu.

Amma ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sojan Edgewood, duk da zaluncin da aka yi masa, akwai likita a kansa, an auna abin da aka ba shi. Yau dangin wannan sinadari sun shigo Najeriya da sunan kolos: busasshen ganye ne ake fesa wa, a naɗe a 'yar takarda. Mai fesawa ba ya awo. Ƙulli ɗaya ya sa maye, na kusa da shi ya sa yaro farfaɗiya a bakin kwalbati. Ɗanmu shi ne zakaran gwajin dafi, kuma da kuɗinsa ya saya.

Gidan gyaran hali na Kiru yana nan kusa da mu, amma ba zai ɗauke kowa ba. Iyaye, idan kun ga yaro ya fara zubewa haka kawai, kada ku tsaya cewa iska ce, ku kai shi asibiti. Masu unguwanni kuma kun san dillalan da sunayensu, don Allah ku miƙa wa NDLEA.