Neman Aure Jiya da Yau: Haƙƙin Uba da Haƙƙin 'Ya

Ya ku shehunanmu da muƙaddamai da 'yan'uwa almajirai, ina neman izininku in taɓo yadda 'ya'yanmu suke zaɓen abokan zama a yau.

Mu da muka tashi a zaure mun san auren sadaka, ni ma shi aka yi mini. Malamina, Allah Ya jiƙansa, ya kira ni bayan lisha ya ce ya ba ni 'yarsa. Na daɗe ina zaton umarni kawai aka yi mata. Sai bayan shekaru ta gaya mini cewa sau biyu aka tura goggonta ɗaki ta ji ta bakinta kafin malam ya furta mini komai. Wannan ne masu cewa suna koyi da magabata suke mantawa.

A da, saurayi a ƙofar gida yake zance, ƙanwar yarinya tana gefe, unguwa duk ta san shi. A shekarun 1980 littattafan soyayya suka bazu daga Kano, da yawansu suna kukan auren dole. Mun yi tir da su a wa'azi, amma in za a faɗi gaskiya, ba duk kukan ne ƙarya ba. Daga 2001 kuma wayar salula ta shigo. Yau manemi yana isa har ƙuryar ɗaki ba tare da sallama ba, uba ne na ƙarshen ji.

Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, kamar yadda muka karanta a Risala da Muhtasar. Sai dai don maslaharta aka ba shi, ba don biyan bashin abota ba. Hansa'u 'yar Hizamu, bazawara, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Shi ne kuma ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya dubi wadda yake nema.

Abin da waya ba ta ƙwace daga hannun uba ba shi ne bincike. A tura unguwarsu, a tambayi abokan sana'arsa, a ji yadda yake da mahaifiyarsa. Kada a ce ai ɗan'uwa ne a ɗariƙa, shi ke nan. Zama da mutum a da'irar zikiri ba ya nuna halinsa ranar da babu cefane. A haɗa da gwajin jini, musamman a auren zumunta, saboda amosanin jini; a 2024 Jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka.

Da 'yata ta kai sunan wanda ta sani ta waya wurin mahaifiyarta, raina ya ɓaci, na kwana biyu ban ce komai ba. Sannan na tura mutum biyu garinsu. Suka dawo da shaidar liman da ta maƙwabta, na kira goggonta na ce ta shiga ɗaki ta sake tambayar ta.