Jawabi A Kan Yuraniyum Da Ruwan Rijiya, Wanda Aka Yi A Taron Reshen Gabi



Mu nan Gabi ba a haƙar yuraniyum a ƙasarmu, wuraren haƙarsa suna can Arlit da Akokan, arewa da Agadas. Amma masu shan ruwan can 'yan ƙasarmu ne, saboda haka wajibi ne mu san maganar.

Kamfanin Somaïr ya fara fid da wannan ma'adini a 1971. Cominak ya bi baya a 1978, aka rufe shi a 2021, ya bar tarin dusar dutse wajen tan miliyan 20. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa kashi biyar a yankin Arlit, aka auna a Faransa, huɗu suka wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin. Iyakar da ta sa a 2011 ita ce mikrogram 30 cikin lita, watau a raba gram ɗaya gida miliyan a ɗauki talatin.

To, yaya yake kai wa rijiya? Ku saurara da kyau, don nan ne ake ruɗin talaka. Za a ce muku ƙasa tana tace ruwa. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Yumɓu da jar tsatsar ƙarfe da ke jikin yashi suna kama yuraniyum su riƙe shi, kamar yadda ƙarangiya ke kama riga. Inda babu iska kuma, akwai ruɓaɓɓen itace, sai ya kwanta ya daina tafiya. Amma in ruwan ya yi tsami, sai ƙasa ta sake shi, kuma da ruwan asid ake narke shi a ma'aikata. Haka nan in ruwan yana da gishiri irin na kanwa da farar ƙasa, sai su rungume shi su wuce da shi, tsatsa ba ta iya tare shi. Ashe riƙon ƙasa aro ne. Rijiyar da aka auna bara aka ce lafiya, bana tana iya sākewa. Ba shi da launi, ba shi da wari, tafasa ba ta fid da shi, ƙoda kuwa yake ci a hankali.

Kada wani ya ce abin nesa ne. A Tibiri, nan kusa da Maraɗi, wani sinadari dabam mai suna fulorayid ya fito daga rijiyar burtsatse, ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa, don an yi shekaru ana sha kafin a gane.

Saboda haka kowane reshe ya je wurin masu kula da famfon garinsu, cikin ladabi, ya nemi takardar awon ruwa. A duba ranar da aka yi awon, da abubuwan da aka auna. Wanda bai iya karatun boko ba ya kawo mana lakwal ran kasuwa, mu karanta masa.