Itace Ɗaya Ya Isa: Jawabi Kan Ɗaukar Hoton Itatuwa Lokacin Kaka



Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani hoto da yayana ya aiko gida daga Ingila, inda aka tura shi kwas. Ya sauka can cikin watan Oktoba, daidai lokacin da ganyayen itatuwa suke rikiɗewa su koma ja da rawaya kafin su zube. Abin ya ƙayatar da shi, ya ce bari mu ma mu gani. Da mahaifiyarmu ta duba sai ta ce, "To, motar ce ya saya, ko kuwa kwandon sharar yake nuna mana?" Itacen kam yana nan a tsakiya, amma ga mota, ga falwaya, ga allon hanya, ga rabin wani Bature a gefe. Da yawa cikinku za su tafi irin wannan kwas, kuma kakar can ba ta jiran kowa. Mako biyu ko uku ne, iska ta kakkaɓe ganyen.

A ƙasashen sanyi, idan yini ya fara gajarta, sinadarin da yake sa ganye kore yakan lalace, sai rawayar da take ɓoye ta bayyana. Wasu itatuwa kuma, kamar mapul, wanda ganyensa yake jikin tutar Kanada, sukan ƙara da ja. A jihar Vermont ta Amurka abin yakan kai maƙura farkon Oktoba, a birnin Kyoto na Japan kuwa sai cikin Nuwamba.

Ina laifin yayana? Laifinsa ɗaya, ya ɗauka kyamara tana gani kamar yadda ido yake gani. Idon mutum yana zaɓe. Idan ka hango abokinka a kasuwa, sauran jama'a kamar babu su. Kyamara ba ta san aboki ba, duk abin da ya shiga gabanta da daraja ɗaya take ɗaukarsa. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Saboda haka kafin ka danna, tilas ka iya faɗin abin da kake so da kalmomi kaɗan: jan reshen nan, ko farin jikin itacen can.

Wani Ba'amurke mai suna Eliot Porter, wanda ya rasu a 1990, ya yi fice wajen ɗaukar daji da hoto mai launi. A 1979 aka baje hotunansa a gidan tarihi na Metropolitan a New York. In kun duba su, za ku ga sau da yawa babu sararin sama a ciki sam. Ni a ganina wannan ne darasi mafi girma. Ido yakan fara zuwa wurin da ya fi haske, watau farin sama da yake leƙowa ta tsakanin rassa shi ne zai sace kallo, ganyen ya koma ɗan rakiya. Karkata kyamarar ƙasa kaɗan, ko ka nemi tudu ka tsaya, ka sa duhun daji ko gefen dutse ya zama bayan itacen.

Sa'an nan akwai maganar gilashi. Gilashi mai milimita 28 yana kwaso faɗin kusan digiri 75, kuma babban idon yawancin wayoyinmu kusan haka yake, shi ya sa yake tattaro tarkace. Mai milimita 200 kuwa digiri 12 kawai yake gani. Idan ka buɗe ƙofar haske sosai, a ce f/2.8 ko f/4, abin da yake baya zai dushe, ya zama launi zalla. Wanda ba shi da dogon gilashi ai yana da ƙafa. Taku biyu zuwa hagu yakan ɓoye falwaya a bayan itace. Karya reshe don a gyara hoto kuwa, wannan ɓarna ce, ba gwaninta ba.

Kada kuma ku raina ranar hadari. Rana tsaka takan yayyanka itace da inuwa, ganye ya yi ta ƙyalli, alhali lumshi yana fito da launin yadda yake. Akwai gilashin kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, sai dai yana cinye fiye da rabin hasken, don haka a riƙe kyamarar da kyau. Hazon safiya ya fi duka, gama shi yakan shafe abin da yake nesa ya bar maka na kusa.

Wannan na ƙarshe ba sai an ƙetare teku za a gwada shi ba. Mu ba mu da mapul, amma muna da hunturu. Idan ƙura ta sauka a Disamba, kuka ta zubar da ganye, ku fita da sassafe ku ɗauke ta ita kaɗai. Kafin ku danna, ku bi kusurwoyi huɗun hoton da ido ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne leda da wutsiyar akuya suke laɓewa.