Ɗalibi Ya Fi Karanta Malaminsa Bisa Ga Littafi



Ranar yaye ɗalibai, al'adar jami'o'in Nijeriya ce a yi shela cewa an ba wane digiri domin an same shi ya cancanta a wajen hali da kuma ilmi. Hali ake fara ambata. To, ilmi dai an san ɗakin da ake koyar da shi, an san ranar jarrabawarsa. Shi halin fa, a wane aji ake ɗaukarsa?

Mutanen Barno sun daɗe da sanin amsa. Tun zamanin da almajirai ke barin Kano da Katsina su nufi gabas neman Alƙur'ani, uba ba ya miƙa ɗansa sai ya bincika yadda malamin yake zaune da mutane, domin yaro zai kwashi ɗabi'arsa tare da karatunsa. Da aka kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, allo ya zama takarda, amma idon almajiri bai sake ba.

A ɗauki yaron unguwar Dala, wanda ke sammako ya hau keke mai ƙafa uku ya ratsa gari zuwa hanyar Bama. Ma'auninsa ba shi da wuya. Malam ya zo aji a kan lokaci? Ya duba takardar jarrabawa da kansa? Ɗan talaka da ɗan kwamishina, alƙalami ɗaya aka sa musu? In malami ya yi sa'a biyu yana lacca a kan riƙon amana, sa'an nan ya ce wanda bai sayi takardun darasinsa ba ya kuka da kansa, lalle darasi na biyun ne yaro zai riƙe.

Kada a ce ɗalibai ba su gani. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na jami'ar Ile-Ife shekara 2 saboda neman lalata da ɗaliba a bakin maki, kuma ita ɗalibar ce ta naɗi muryarsa a waya. A 2019 gidan BBC ya tona irin wannan ta'asa a Jami'ar Ikko.

Amma ɗaliban Maiduguri sun ga wani abin dabam, wanda ya kamata a faɗa da babbar murya. A shekarun da Boko Haram ta addabi birnin, sa'ad da duk mai hali ke kwashe iyalinsa, jami'ar ta ci gaba da karatu, in ban da ɗan lokacin da aka rufe ta a 2011. Ranar 16 ga Janairu 2017 ce bam ya tashi a masallacin jami'ar da asuba, ya kashe Farfesa Aliyu Mani, malamin likitancin dabbobi. A watan Yuli na shekarar aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna wajen Magumeri, aka kashe wasu ma'aikatan jami'ar, aka kama uku, ba a sako su ba sai Fabrairun 2018. Duk da haka washegari akwai malamin da ya ɗauki alli ya shiga aji, albashinsa kuwa bai ƙaru da ko kwabo ba. Yaron da ya zauna gaban wannan mutum ba ya bukatar a fassara masa kalmar amana.

Saura ku iyaye da ke fama a Sabo da Agege kuna aika kuɗin makaranta. In yaro ya bugo waya, tambayar ba ta wuce ko ya ci jarrabawa. A ƙara da wata: wane malami ne ya fi girmamawa, kuma don me? In ya nemi kuɗin takardu, a tambaye shi ko sayen tilas ne, kuma hannun wa kuɗin zai shiga.