Jawabi kan sankarar ciki, a taron ƙungiya na Sabon Gari



Mu malaman lakwal ne, ba lokotoro ba, amma an ce mu yi bayani kan sankarar ciki. Kun san masu zubin tukwane a kasuwa: su tara tsofaffin tukwane da gwangwani, su narke su, su zuba sabuwa. To haka ƙananan ƙwayoyin da anka gina jikinmu da su suke yi. Kowace tana narkar da abin da ya lalace cikinta, ta sake amfani da shi. Masana na kiran wannan otofaji, wato cin kai. Wani ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, ya samu kyautar Nobel a 2016 don ya gano yadda aikin ke tafiya.

Ga mai lafiya, wannan shara kariya ce. Amma akwai ƙwayar cuta, Helikobakta, wadda anka gano a Ostareliya a 1982. Ita ce ke kawo mafi yawan gyambon ciki. In ta daɗe, dafinta yana gurgunta sharar nan, datti ya taru, bayan shekaru sankara na iya tsirowa. A 1994 anka sa ta cikin abubuwan da ke haddasa sankara.

Abin mamaki, in sankara ta riga ta kafu, ita ma da wannan narki take rayuwa. Abinci ya ƙaranta, ko a sa mata magani, sai ta ci daga jikinta ta jure. Shi ya sa zancen da ke yawo a salula, wai a bar majinyaci da yunwa ciwon ya cinye kansa, bai kama hanya ba. Mutum ne zai rame. Nivakin da munka sha muna yara tana toshe narkin, kuma masana na gwada ta, amma kada kowa ya saye ta da wannan niyya.

Helikobakta na da magani, na kwana 10 zuwa 14. Kanwa da ƙwayoyin 'yan tebur sai dai su kwantar da zafi. Taba da yawan gishiri kuma suna ƙara haɗari. Wanda ke ramewa, ko ya ƙoshi da loma kaɗan, ko yawan amai, ko bayan gidansa ya yi baƙi, ya tafi likita nan Maradi ya nemi a duba cikinsa da na'ura. 'Yan'uwa da ke Kano, Ikko da Abijan, kada ku jira sai dawowar damina.