Jawabi a Kan Harbin Wanda Ya Ruga da Gudu



Iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da kuka dawo daga ci-rani, da masu shirin komawa bayan girbi, muna gaishe ku, muna yi muku barka da zuwa. An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani abu da ya shafi ƴaƴanmu da ke bariki. Tambayar ita ce: in ɗan sanda ko jandarma ya ce wa mutum ya tsaya, shi kuwa ya zura da gudu, yana da iko ya harbe shi?

Kowa a nan ya san dalilin da ya sa muka ɗauko zancen. Yaranmu da yawa suna fita ba takardun kirki. Wani katin shaidarsa ya mutu, wani bai taɓa yi ba. Da sun hangi mai kaki sai ƙafa ta riga hankali. Ba sata suka yi ba, tsoro ne kawai. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Amma shi mai bindiga da ke bayanka bai san abin da ya sa ka gudu ba.

Bari mu fara da wata shari'a ta ƙasar Amurka, don a can aka fi tona maganar nan. Ranar 3 ga Oktoba 1974, da dare, a garin Memfis na jihar Tenesi, wata mata ta kira ƴan sanda ta ce ana fasa gidan maƙwabta. Ɗan sanda mai suna Elton Hymon ya zagaya bayan gida, ya ga yaro ya ruga ya tsaya a gindin shingen waya mai tsawon kusan mita 2. Ya haska shi da tocila, ya ga fuskarsa da hannuwansa, kuma shi da bakinsa ya ce daga baya bai ga alamar makami ba. Ya ce masa ya tsaya. Yaro ya kama hawan shinge. Ya harbe shi a ƙeya. Yaron, Edward Garner, shekararsa 15, ya rasu a asibiti. Abin da aka samu a jikinsa dala 10 ne na Amurka da wata ƴar jaka da ya ɗauko a gidan.

A lokacin dokar jihar ta yarda da abin da ɗan sandan ya yi. Dokar ta samo asali ne tun daga tsohuwar Ingila, zamanin da hukuncin kusan kowane babban laifi kisa ne, ba a kuma yawo da ƴar bindiga a ƙugu. Ana ganin wanda za a rataya gobe, in an kashe shi yau wajen kamu ba a yi asara ba. Zamani ya sake, ɓarawo ya koma cin ɗaurin ƴan shekaru a gidan kaso, amma dokar harbi tana nan yadda take.

Uban yaron bai haƙura ba. Ya kai ƙara, aka yi ta hawa da sauka da shi har Kotun Ƙoli ta ƙasar. Sai ranar 27 ga Maris 1985, fiye da shekara 10 bayan rasuwar ɗansa, alƙalai 6 cikin 9 suka yanke cewa gudu kaɗai ba ya halatta jinin mutum. Ɗan sanda ba zai harbi mai gudu ba sai in ba wata hanyar tsare shi, kuma yana da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa mutumin zai kashe wani ko ya yi masa mummunan rauni. In da hali ma, sai ya yi gargaɗi tukuna. Alƙalai 3 ba su yarda ba. Suka ce fasa gida da dare ba ƙaramin laifi ba ne, kuma ɗan sanda cikin duhu ba ya da lokacin bincike. Wanda aka taɓa shiga wa gida yana barci ya san maganarsu ba ta banza ba ce. Mu dai muna bayan alƙalai shidan, domin wanda alƙali ba zai yanke wa kisa ba bayan ya saurare shi, bai kamata a yanke masa a bakin shinge ba tare da an ji ta bakinsa ba.

A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro a Habana, ƙasar Kiyuba, ta fid da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga masu tsaron doka. Su ma abin da suka tsayar ke nan: a fara da magana da hanyoyi masu sauƙi, bindiga sai don kare rai. Sai dai ƙa'idoji ne, ba wanda ake ɗaurewa don ya taka su, sai ƙasa ta sa su cikin dokarta.

Kada ku ce shi ke nan an gama. Doka a takarda daban, abin da ke faruwa a titi daban. A watan Afrilu 2015, a jihar Karolina ta Kudu, ɗan sanda ya tsai da wani baƙar fata mai shekara 50, Walter Scott, don fitilar birkin motarsa ta lalace. Ya fita ya gudu, suka yi ƴar kokawa, ya sake gudu. Ɗan sandan ya sakar masa harsashi 8 ta baya, 5 suka same shi. Ya ce wai ransa yake karewa. Allah ya sa wani mai wucewa ya ɗauki hoton abin da wayarsa. A ƙarshen 2017 aka ɗaure ɗan sandan shekara 20. Ba don hoton nan ba, ku da kanku kun san maganar wa za a ɗauka.

To, wani zai ce me ya hana a yi amfani da abin da ba ya kisa? Akwai su: kulki, barkonon tsohuwa, harsashin roba, karnuka, da wata bindigar lantarki da ake kira Taser. Ita tana harba ƴan ƙugiyoyi biyu ɗaure da siririyar waya, in sun kama jiki wuta ta sandarar da mutum kamar daƙiƙa 5 ya faɗi. Amma sai duka biyun sun kama, ba ta cin nisa, kuma riga mai kauri tana hana ta aiki. Ga mai gudu kuwa sau da yawa ɗaya takan kuskure. Takan kuma yi kisa, in mutum ya faɗi da ka ko zuciyarsa ba lafiya. Har wani abin takaici ya faru a jihar Minesota a Afrilu 2021: wata ƴar sanda da ta yi shekara 26 tana aiki ta zaro bindigarta ta gaske a zaton Taser ce, ta harbe wani saurayi ɗan shekara 20, Daunte Wright, yana ƙoƙarin komawa cikin motarsa. An yanke mata ɗaurin shekara 2. Mu a ganinmu abin da ya fi duka waɗannan kaya shi ne haƙurin ma'aikaci: ka riƙe lambar mota, ka san unguwarsa, ka kira ƴan uwanka su tare gaba, ka kama shi gobe da safe.

Masu ƴaƴa a Faransa su saurara. A Fabrairu 2017 an yi doka can wadda ta faɗaɗa wa ƴan sanda damar harbin motar da ta ƙi tsayawa in ana ganin za ta iya halaka mutane. A 2022 kaɗai mutum 13 suka mutu ta wannan hanya. Ranar 27 ga Yuni 2023, a Nanter kusa da Paris, aka harbe Nahel Merzouk, ɗan shekara 17, yana jan mota daga wurin da aka tsai da shi. Da farko aka ce ya nufo ƴan sanda zai take su, sai hoto ya nuna a gefen motar suke tsaye. Ƙasar ta yi kwanaki tana cin wuta.

Nan kusa da mu kuwa, inda galibin yaranmu ke zuwa, Kano da Kaduna da Ikko, sashe na 33 na tsarin mulkin Najeriya ya ba da damar amfani da ƙarfin da ya zama dole wajen kama mutum ko hana shi tserewa, ko da ya kai ga mutuwa. Akwai kuma umarni na 237 na ƴan sandan ƙasar, wanda shekaru da yawa ya ba su izinin harbin wanda ake tuhuma da babban laifi in ya gudu. An gyara shi a 2019. Duk da haka a Oktoba 2020 matasa suka cika tituna saboda ta'asar rundunar SARS har aka rushe ta.

Ba mu zo nan don zagin masu kaki ba. Cikinsu akwai ƴaƴanmu. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji sun san abin da ƴan bindiga suka yi musu, kuma jandarman da ya bi mutum mai ɗauke da bindiga wanda ya sace mutane, ba dokar da muka ambata da ta ɗaure masa hannu. Mu kuma duba kanmu. A kasuwa in an yi ihun ɓarawo, wa ke tsayawa ya tambaya? Sanda da dutse da muke bin yaro da su saboda akuya ɗaya, su ma kisa suke yi, kuma ba mu ko ce masa tsaya ba.

Ga abin da muke roƙo. Iyaye, kafin yaro ya hau mota a tasha, a tabbata katinsa na aiki. Kuɗin yinsa bai kai na buhun hatsi ba. Ku samari, in an ce ku tsaya, ku tsaya, hannuwanku a fili, kada ku kai hannu aljihu sai kun faɗi abin da za ku ɗauko. A birnin Niyok a 1999, Amadou Diallo, ɗan Gine mai talla a titi, jakar kuɗinsa ya zaro a ƙofar gidansu, aka yi masa harbi 41. Kwana a komisariya da tara da kora zuwa gida, duk ƙungiya tana iya shiga ciki ta taimaka.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya auku ga ɗayanmu, kada a yi saurin rufe magana. A nemi takardar likita mai nuna inda harsashi ya shiga, gaba ko baya. A rubuta sunayen waɗanda suka gani tun ranar, a adana hoton waya in akwai, a sanar da ofishin jakadancinmu. Wakilanmu na kowane gari, ku kawo wa magatakarda sunayen yaran da ke hannunku da unguwar da kowa ke kwana kafin a watse yau.